Ɗigo Biyu a Ƙoƙo

Baraka ta dawo daga Rabah ranar wata Laraba da la'asar, da ɗiya a goye, da cikin wata uku, da kwalba ɗaya ƙulle a bakin zane. Cikin abubuwan nan uku, kwalbar ce kaɗai mutanen gidan suka tsaya suka duba.

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru bayan sojoji sun dawo daga Bama da labaran da ba mai iya ƙaryatawa, tun da ba wanda ya je. Ƙauyen su Baraka yana bakin fadama tsakanin Wurno da Rabah, inda albasa ke girma, wuyan mata ma ke girma. In ka ƙirga mata uku a bakin rijiya, ɗaya tana da maƙoƙo, kumburin nan da ke fitowa a gaban wuya. Na Baraka kamar goriba yake lokacin da aka kawo ta gidan Manu. Yanzu ya kai ɗan duma, in ta kwanta rigingine sai numfashinta ya riƙa fito.

Wannan fiton ne Gwaggo Tani ta ji, da Baraka ta je suna gidanta a Rabah ta kwana biyu. Gwaggo Tani ba ta shawara da kowa, har da mijinta. Da safe ta ja ta zuwa ɗakin shan magani na En'e.

Malam Zayyanu, malamin ɗakin maganin, ya taɓa wuyan Baraka sau ɗaya, amma ya daɗe yana kallon ɗiyar da ke bayanta. Habi ke nan, 'yar fari. Shekararta huɗu, wanda bai sani ba zai ce ba a yaye ta ba. Ba ta tafiya, ba ta magana, harshenta ya yi wa bakin yawa, fatarta a bushe kamar ta tsohuwa. Ya tafa hannu da ƙarfi bayan kunnenta. Tsohon da ke layi ya zabura, Habi ba ta ko ƙifta ba. Malamin ya tambayi watan cikin, Baraka ta sunkuyar da kai don kunya, Gwaggo Tani ta ɗaga yatsa uku.

Ya yi musu bayani a hankali, yadda ake yi wa wanda ake so ya kai saƙo gida. Ya ce akwai wani abu ɗan mitsitsi da jiki ke nema a cikin abinci da ruwa, ƙasar wajen nan kuwa ba ta da shi. Neman sa ne ke sa wuya kumbura. Babbar mace in ta rasa shi, wuya ne da kasala. Ɗan ciki in ya rasa shi, da shi ake gina masa hankali da kunne da tsawo, kuma a watannin farko ake ginin. Ya ce likita Bature da ya zo rangadi daga Sakkwato ya bar kwalabe kaɗan don mata masu ciki. Ya ɗauko ɗaya, ruwan cikinta ja-ja ne mai duhu, ya manna takarda ya rubuta sunanta.

"Ɗigo biyu cikin ƙoƙon ruwa, kullum da sahe," in ji shi. "Yanzu na, ba gaba ba. Wagga da ke goye ba ni iya yi mata komi. Na cikin ciki ka da sauran rabo."

Gwaggo Tani ta tambayi sunan maganin. Ya ce aidin. Baraka ta riƙe sunan tun daga Rabah har gida, tana maimaitawa kada ya faɗi a hanya. Da ta san abin da zai jawo mata, da ta bar shi ya faɗi.

Don kuwa Manu ya san aidin. Shekara biyu da suka wuce fartanya ta sare shi a ƙafa, aka kai shi Wurno, aka shafa masa wani jan ruwa da auduga. Mutanen da ke wurin sun ce ya kira sunan uwarsa sau uku, da gemunsa da komai. Tun daga ranar ya zama shi ne masanin aidin na ƙauyen. Haka muke mu maza. In aka yi wa ɗayanmu allura sau ɗaya, ya gama karatun likita, saura a ba shi farar riga.

Ya cire toshiyar kwalbar ya shinshina, ya kawar da kai kamar an mare shi. Ya ce wannan shi ne, ba wani ba. Ya tambaye ta ko dai ba ta ji da kyau ba, ko shafawa aka ce. Ta ce sha aka ce. Ya yi dariya, ya kira uwarsa ta zo ta ji.

Inna Uwaliya ta fito tana gyara kallabi. Nata maƙoƙon ya fi na Baraka sau biyu, tana ɗauke da shi kamar sarauta. Ta ce da shi ta haifi bakwai. Ba ta ce uku ne suka rayu ba, ba ta kuma ambaci Sajo ba, autanta, wanda ya kai shekara ashirin bai taɓa jin kiran salla ba. Ta ce abin da ya ƙone ƙafar namiji mai kaushi, me zai yi wa ɗan tayi? Ai zubar da ciki ke nan a kwalba. Ta ce 'yan boko ba su son mutane su yi yawa, don ƙirgar tana ba su wuya. Ta ce Tani tun tana budurwa take da shisshigi.

Ba su hana ta ba. Wannan ya kamata a faɗa, don su ma sun yi ta faɗa daga baya. Manu ya soke kwalbar a jinkar ɗakinsa, ya ce a ajiye sai an yi shawara.

Washegari da safe Baraka ta ɗebo ruwa a ƙoƙo, ta je ƙofar ɗakinsa ta durƙusa. Ba ta iya buɗe baki ta roƙa ba, ta ɗauka ƙoƙon zai yi magana. Manu ya karɓa ya shanye, ya sa mata albarka. Rana ta biyu ma haka. Ya gaya wa abokansa a dandali cewa tun da matarsa ta je birni ta koyo ladabi.

Rana ta uku ta ce, "Malam, maganin nan."

Ya ce zai tambayi liman. Liman ya tafi ta'aziyya Goronyo. Da ya dawo bayan kwana tara, ya ce shi bai san aidin ba, bai kuwa yi ƙarya ba, amma ga rubutu ta sha, ba zai cutar ba. Ta sha. Da ta sake tambaya, Manu ya ce ai an ba ta magani, ko tana nufin na Bature ya fi ayar Allah? Wannan tambaya ba ta da amsar da mace za ta bayar ta kwana a ɗakinta.

Bazara ta shigo, zafi ya sa kaji suna buɗe baki a inuwa, Baraka kuwa sanyi take ji. Takan zauna a rana da mayafi. Gashinta ya riƙa biyo mataji. Muryarta ta dushe, fuskarta ta kumbura, in tana daka sai taɓarya ta yi mata nauyi, ta jingina da turmi ta yi gyangyaɗi a tsaye. Inna Uwaliya ta ce son jiki ne. Ta ce su a zamaninsu a bakin turmi naƙuda ke samun mace. Baraka ba ta musu. Takan goya Habi, ta ɗora tulu, ta bi hanyar rijiya tana lissafin kwanaki a zuci. Wata uku ya zama huɗu. Malamin ya ce yanzu, ba gaba ba, ga shi gaban tana zuwa kullum, kwalbar kuwa tana jinka tana shan ƙura. Sau biyu ta tsaya a ƙofar ɗakin Manu yana fadama. Amma uwarsa tana zaune a tsakar gida tana kaɗi, idonta ɗaya a kan mazari, ɗaya a kan suruka.

Baraka ba ta kiran sunan Habi, don 'yar fari ce, kunya ta hana. Mutane suna yaba mata wannan kunya. Ita kaɗai ta san ko ta kira ma ɗaya ne.

Lokacin cire albasa ya yi. Manu yana da jaki ɗaya, shi ke kai buhuna kasuwar Wurno, ya dawo ya sake. Akumari ya goge masa baya, wurin ya zama miki, ƙuda suka samu gida. Manu ya zuba toka, bai yi ba. Ya shafa kashin shanu, ya ƙara ruɓewa. Jakin ya fara durƙusawa in an ɗora kaya. Manu ya bar cin tuwo sosai, ya riƙa zama kusa da turke yana tagumi. Baraka ba ta taɓa ganin sa cikin irin wannan damuwa ba, ko ranar da aka tabbatar Habi ba ta ji.

Wata safiya tana hura wuta, sai ta gan shi ya fito daga ɗaki da kwalbar a hannu ɗaya, gashin kaza a ɗaya. Ta miƙe har ta kai hannu ga ƙoƙo. Ya wuce ta, ya nufi turke.

Ya tsoma gashin ya shafa a mikin. Jakin ya yi kuka, ya yi harbi, ya kusa tsinke igiya. Manu ya ja da baya yana murmushi, ya ce haka shi ma ya yi, alamar magani na aiki ke nan.

"Malam," in ji Baraka, "maganina na."

"Naki? An rubuta sunanki bisa?"

An rubuta. Yana nan a kan takardar, ƙarƙashin babban yatsansa. Amma da boko aka rubuta, kuma a duk ƙauyen babu wanda zai karanta ya raba gardama.

"Malamin yac ce don abin da ke ciki na."

"Abin da ke ciki mi zai ci in jakkin ga ya mutu? Ke kika kai albasa Wurno? Duba yadda yas sa dabba harbi. Shi kika so in ɗura maki? In kin mutu a ce ni na kashe ki."

Inna Uwaliya ta ce daga inda take zaune, wannan mutum yana tausayin ta, ita ce ba ta san masoyinta ba. Baraka ta koma bakin murhu. Wutar ta mutu, ta sake hurawa.

Cikin kwana goma mikin ya bushe. Cikin ashirin gashi ya fara tsirowa. Gaskiya maganin yana da kyau.

Labari ya zaga. Maƙwabci ya kawo jakinsa, wani ya kawo rago da kura ta yaga wa cinya, wani ya kawo sa mai ciwon kofato. Maigari da kansa ya aiko a zo a duba dokinsa da sirdi ya ci. Manu ya tafi da kwalbar a aljihun riga, ya dawo da goro da girma. Aka fara ce masa Manu mai aidin. Ya koyi yadda ake ɗaga kwalba a duba ta a hasken rana, ya koyi cewa "a bar shi ya huta kwana uku". Baraka tana ganin ruwan yana sauka: wuyan kwalba, kafaɗa, rabi. Kowane tsomi ɗaya na gashin kaza ya fi abin da za ta sha a mako. Kafin ruwan farko ya sauka, kwalbar ta ƙare. Manu ya zuba ruwa ya girgiza, ya yi wa akuya ɗaya da ɗaurayen.

Daga nan sai ya lura da wuyan matarsa.

Ya zo ɗakinta da hantsi, abin da bai saba ba, ya zauna a bakin gado. Ya ce wuyan nan yana damun sa, ba ya son yadda take numfashi. Ya ce ya kamata ta koma Rabah ta karɓo wani. Ya yi wannan magana da murya mai taushi, har da kallon Habi. Sannan ya ce in malamin ya tambaya, ta ce ta sha.

Ta ce ai ba ta sha ba.

Ya ce ya sani. Amma kayan En'e ne. In aka ji an sa wa dabba, 'yan doka za su zo su tafi da shi da igiya a ƙugu, ita da ɗiyarta da cikinta su ci ƙasa. Kuma ba shi kaɗai ba, har maigari abin zai shafa. Inna Uwaliya ta leƙo ta ƙara nata: macen da ta tona asirin mijinta a gaban baƙo, ba ta da wurin zama a gida, ba ta da shi a lahira. Manu ya ce in ta kawo wannan, za a duba maganarta. Bai ce za a ba ta ba. Ta lura da haka, amma ta riƙe kalmar, don ba ta da wata.

Ta tafi a ƙasa, da cikin wata bakwai, da Habi a baya, cikin taɓon farkon damina. Jakin yana da aiki ranar.

Malam Zayyanu ya gane ta. Ya taɓa wuyan, ya ɓata fuska. Ya duba idonta, ya danna ƙafarta, wurin ya lotsa bai taso ba. Gwaggo Tani tana tsaye a gefe, mutanen layi suna saurare, kamar yadda mutanen layi ke yi.

"Kin sha?"

Baraka ta dubi ƙasa. Ta ga igiya a ƙugun Manu, ta ga kanta a tsakar gida da Inna Uwaliya su biyu.

"Na sha."

"Kullum?"

"Kullum."

"Duka?"

"Duka."

Malamin ya sake taɓa wuyan. Ya ce abin ya ba shi mamaki, don matan da suka sha wuyansu ya ragu. Amma jiki da jiki ba ɗaya ba ne, wataƙila nata mai taurin kai ne. Ya ɗauko wata kwalba, ƙarama, ya ce ita ce ta ƙarshe sai likita ya sake zagayowa. Ya ce ta ci gaba. Bai ce lokaci ya wuce ba, amma wannan karon bai ce komai game da rabo ba.

A hanyar komawa ta tsaya a wata rijiya da Fulani ke shayar da shanu. Ta ari ƙoƙo wurin wata mai tallan nono, ta tsoma tsinke a kwalbar, ta ɗiga biyu. Ruwan ya yi launin shayi mara ƙarfi. Ta yi bisimilla ta shanye, ta zauna a gindin wata bagaruwa tana jiran wutar da aka ce. Ɗanɗanon ƙarfe ta ji a harshe, shi ke nan. Ba abin da ya ƙone. Abin da ke ciki ya motsa sau ɗaya ya kwanta. Ta yi kuka a wurin, ba mai sauti ba, har mai nonon ta tambaye ta ko rasuwa aka yi.

Ta shirya abin da za ta yi. Za ta tura kwalbar a ƙarƙashin rumbu, ta ce malamin ya hana. Ta riga ta yi ƙarya ɗaya don jaki, za ta iya yin ɗaya don ɗanta.

Tun daga nesa ta hango mutane a bakin gari, gindin tsamiya. Manu ne. Shekara shida da aure bai taɓa fitowa taryen ta ba. Tare da shi akwai mutum biyu, kowanne riƙe da igiyar jaki. Ya yi mata sannu da hanya a gabansu, ya ce ta sha wuya, ya miƙa hannu. Ƙullin yana nan a bakin zane, kowa yana gani. Ta kwance ta miƙa masa.

Ta haihu ana yankan gero, da rana tsaka, bayan naƙudar kwana biyu. Namiji. Ungozoma ta yi ta jijjiga shi kafin ya yi wani kuka gajere, a shaƙe, kamar ɗan akuya a cikin rami. Aka yi guɗa. Manu ya yanka rago, aka sa wa yaro Abdulƙadiri, maigari ya zo da kansa a kan doki.

Yaron ba ya kuka. Barci yake yi, sai an tashe shi a ba shi nono, ya tsotsa biyu ya saki. Inna Uwaliya ta yi ta nuna shi ga 'yan barka. Ta ce ba ta taɓa ganin jariri mai haƙuri irin wannan ba, malami za a yi. Ta ce da an biye wa Tani an sha wutar nan, da yanzu wani zance ake. Matan suka ce gaskiya ne.

Baraka tana wankan jego, tana shan kunun kanwa, tana kallon sa. Ta ga harshen. Ta ga cibiyar da ta ɗago. Ta ga fatar da ta ƙi yin sheƙi ko an shafa man shanu. Ta taɓa jin irin wannan yabo, a wannan ɗaki, daga wannan baki, shekara huɗu da suka wuce. Takan ce wa kanta maza suna da nauyin jiki. Takan ce ai ta sha ɗigo biyu, ko Allah zai sa su isa.

Wata shida wuyansa bai tsaya ba. Wata rana da hantsi, ta shimfiɗa shi a tabarma kusa da Habi, ta ɗauko tasar tagulla ta aurenta, ta tsaya bayan kansa, ta sake ta a kan dutsen niƙa. Kaji suka watse. Jakin ya ɗaga kai a turke. Inna Uwaliya ta fito da gudu ba kallabi. Yaran biyu suna kwance suna kallon sama, kamar ba a yi komai ba.

Tsohuwar ta dubi tasar, ta dubi yaron, ta dubi surukarta. Ba ta tambayi abin da ya faru ba. Ta ce, "Biyu ke nan."

Bayani bai yi wuyar samu ba. An tuna Baraka ta taɓa wanka a gulbi da almuru. An tuna tana son zama ita kaɗai. Aka ce 'yan ruwa ne ke shiga cikinta, ba 'ya'yan mutum take haifa ba. Manu ya ce shi dai a danginsu babu irin wannan. Sajo yana zaune a gefe yana ɓare gyaɗa lokacin da ya faɗa.

Aka zauna a zauren maigari, don Gwaggo Tani ta zo daga Rabah ta ce ba za a sako mata ɗiya kamar tsumma ba sai ta ji dalili. Maza suka cika zauren. Baraka tana bayan asabari da yaron a cinya.

Manu ya yi magana da natsuwa. Ya ce ba abin da bai yi ba. Rubutu, ya nemo. Maganin Turawa, sau biyu ya tura ta har Rabah, wane miji ne a ƙauyen nan ya taɓa yin haka? Ya juya ga Gwaggo Tani, ya ce ita shaida ce, a gabanta aka tambayi yarinyar ko ta sha. Me ta ce? Gwaggo Tani ta ce e, yarinyar ta ce ta sha. Duka? Duka.

Maigari ya tambayi Baraka ko tana da magana.

"Ban sha ba, ranka shi daɗe," in ji ta daga bayan asabari. Muryar a dushe take, amma an ji. "Ɗigo biyu nis sha. Saura jakkai anka shafa ma."

Wani ya yi dariya, wasu suka taya shi, sai dariyar ta tsaya da wuri. A zauren nan akwai mai jaki, akwai mai rago, akwai mai sa. Kowa ya sami abin kallo a tafin ƙafarsa. Dokin maigari yana ɗaure a ƙofar gida, ana jin ƙarar linzaminsa.

Maigari ya gyara rawani. Ya ce shi abin da ya gane shi ne, yarinyar nan ta faɗi magana biyu. Ko ta yi ƙarya a Rabah, ko tana yi yanzu. Ko wanne ne, ba a gina hukunci a kan bakin da ya faɗi biyu. Ya tambayi jama'a ko akwai wanda ya san zancen jakai. Ba wanda ya sani. Liman ya ce a yi haƙuri, kowa da abin da aka rubuta masa.

Manu ya sake ta saki ɗaya. A al'ada 'ya'ya na uba ne, mace tana fita da kwanukanta kawai, an sha zuwa gaban alƙali a kan haka. Amma Manu ya ce shi ba zai raba uwa da 'ya'yanta ba, ta tafi da su duka biyun. Aka yaba masa ƙwarai.

Ba wanda ya doke ta a gidan nan, ko sau ɗaya. Ba wanda ya hana ta tuwo. In ka tara mutanen zauren nan yau ka tambaye su wa ya toshe kunnen Abdulƙadiri, za su dube ka da mamaki na gaskiya, don kowannensu abu kaɗan ya yi. Ɗaya ya ce a dakata, ɗaya ya ce a tambaya, ɗaya ya aro tsomi ɗaya don ragonsa, ɗaya ya duba tafin ƙafarsa. Mu maza mun iya wannan aiki. Mukan raba zalunci ƙanana-ƙanana har ya zama ba wanda rabonsa ya kai a kira shi da suna. Yaron kuwa zai ɗauki nasa dunƙule, har ya mutu, ba zai ma iya tambaya ba.

Kuma abin bai tsaya a gidan Manu ba. Daga zauren labari ya fita da siffar da maza suka ba shi: Baraka ta sha kwalba biyu na maganin Turawa, ta haifi bebe. Ya kai Rimawa, ya kai Shinaka, ya bi 'yan kasuwa har Goronyo.

Ta fita da safe. Gwaggo Tani ta ɗauki kwanuka da Habi ta yi gaba tana faɗa ita kaɗai. Baraka tana biye da yaron a baya, kansa yana lilo. A bakin rijiya ta ga Mero, matar maƙwabcinsu, yarinya mai fara'a wadda sukan yi daka tare. Wuyan Mero ya fara tasowa, zanenta kuma ya fara ɗagewa a gaba. Baraka ta tsaya. Ta matsa kusa, ta rage murya.

"Mero, ki tahi Rabah cikin makon ga. Ki ce a ba ki aidin. Ki aje kwalbar wurin gwaggona, kada ki kawo ta gida. Ko da ƙahwa ne ki riƙa zuwa kina sha."

Mero ta leƙa bayan Baraka, ta ga harshen yaron. Ta ja mayafi ta rufe cikinta, ta ja da baya har ta taka guga.

"Ke ai kin sha," in ji ta. "Kwalba biyu."